Salkar Ƙarfen Baba

Itace ɗaya ne a tsakar gidanmu na Arlit, wani dogon yaro da aka yi rainonsa da ruwan wanke-wanke, kuma inuwarsa ta mota ce. Mu 'ya'yan gida, ni da yayana, sai dai mu raɓe a jikin katanga. Na yi ƙorafin wannan tun ina 'yar firamare har na zama malamar makaranta, Baba bai taɓa matsar da motar ko taku ɗaya ba. Wai mu muna iya tashi mu bi inuwa duk inda ta juya, ita kuwa inda aka ajiye ta nan za ta wuni. Innarmu ta rasu tun muna ƙanana, don haka babu wanda zan kai wa ƙara.

Farar kat-kat ce, irin motar nan ta ratsa sahara, mai buɗaɗɗen baya, ta riga ta tsufa kafin ta zo hannunsa. Da ita yake ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu zuwa Asamaka, can bakin iyakar Aljeriya, wani lokaci kuma Agadas. Baba mutumin ƙasar Tawa ne. Ya zo Arlit yana saurayi, lokacin da aikin haƙar yuraniyom ke jawo mutane daga ko'ina, amma bai daɗe a ƙarƙashin kowa ba, domin ba ya son a ce masa yi kaza. Ko waɗanda suka ƙera motar bai ƙyale su ba. Cewa yake ba su taɓa kwana a sahara ba, shi ya sa suka bar aikin rabi da rabi, shi kuma Allah ya kawo shi ya ƙarasa musu.

Ya kuwa ƙarasa, har ya wuce gona da iri. A saman kan motar ya sa an yi wani gado na ƙarfe inda ake ɗaure tayoyi biyu. A gefe akwai ƙugiyoyi na rataye felu, wato shebur, da fallayen ƙarfen nan da ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse a rairayi. Bayan kujerarsa ya kafa akwatin katako mai ɗaki uku. Ɗakin farko na shayi ne, sukari da ganye da 'yar buta, da ƙananan kofunan gilashi da ya cusa kowanne cikin tsohuwar safa don kada su fashe. Na biyu kayan gyara, na uku dabino da cuku da garin gero. Can sama kusa da rufi ya yi wani siririn kanta wanda ba a ɗora masa komai sai dardumar salla. Ƙarƙashin kujerar fasinja kuma akwai wani aljihu da ya yanko daga ƙofar tsohon firiji, in ka ja shi sai ya yi kuka kamar akuya. Ranar da na ari almakashi daga cikinsa na mayar a akwatin katako, kwana biyu aka yi ana maganar a gidanmu.

Amma duk waɗannan a wurinsa ƙananan abubuwa ne. Abin da yake tara mutane ya nuna musu shi ne ma'ajin ruwa.

Sauran direbobi salka suke ratayawa a gefen mota, fatar akuya da aka ɗinke, ko kuwa bido, wato jarkar roba. Salka tana hujewa, bido kuma rana ta dafa ruwansa har ya ƙi shawuwa. Baba ya ce shi salkar ƙarfe zai yi, ya nufi kasuwar tsofaffin ƙarafa.

A lokacin duk garin da ƙarfen nan ake rayuwa. Tsofaffin bututai da sanduna da fallaye suna fitowa daga wajen ma'adinai, ta hanyar da ban sani ba kuma ban taɓa tambaya ba, su ƙare a kasuwa. Da su ake yin ƙofa da gado da murhu, har tukunya da ludayi. Kowa ya fi son su saboda kauri, ga shi ba sa saurin tsatsa. In mace ta ce tukunyarta ƙarfen ma'adinai ce, to alfahari take yi.

Baba ya zaɓo bututun da ya fi kowanne nauyi, tsawonsa daidai faɗin motar, kaurinsa kamar babban turmi. A cikinsa akwai wani ɓawo rawaya-rawaya da ya manne. Kwana uku ya yi yana kankare shi da rairayi da toka da tsumma a bakin sanda, ya ɗauraye, ya leƙa da tocila, ya sake komawa. Mutum ne mai ƙyanƙyami, ko kofinsa ba ya bari wani ya sha da shi. Sai da ya ga cikin yana sheƙi sannan ya ce ya tsarkaka. Mai walda ya toshe bakunan biyu, aka yi murfi a sama, aka fitar da kan famfo ta gefen mota. Aka kwantar da shi a bayan motar, jingine da kan direba. Sannan Baba ya zauna da basilla ya ɗinka masa riga da buhunan algarara. In an jiƙa buhunan, mota tana gudu iska tana duka, sai ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Wallahi ruwan nan yana da daɗi. Duk ranar da ya dawo da saura, ni da Yaya har faɗa muke yi a kansa.

Hanyar Asamaka hanya ce da ake gamuwa da mutane a ƙasa. Waɗanda aka koro daga Aljeriya akan sauke su a can bakin iyaka, su tako da ƙafa cikin rairayi, maza da mata, wasu da goyo. Wasu sukan ɓace hanya. Baba bai taɓa wuce su ba. Fasinja su yi ta mita, shi kuwa ya tsaya ya buɗe famfo, kowa ya sha, mai bido a cika masa. Yawancinsu ba ya jin harshensu, su ma ba sa jin nasa. Shekaru ya yi a haka.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya sha gaya mini maganar nan, yana goge kan famfon da gefen rawaninsa:

"Uwata, ni ban yi karatu ba. Makka ban tahi ba. Azumi na sha shi bisa hanya, wani na rama, wani ban rama ba. Bakina kuma kin san shi. Amma ban taɓa wuce mai ƙishirwa ba. Ranar da anka tsai da ni gaban Ubangiji, ruwan ga za ni nunawa."

Nakan yi masa tsiya in ce to sai ya tafi da motar. Amma na san da gaske yake. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi.

Ciwo ya fara masa da tari, sai rama. Mutumin da ke ɗaga taya shi kaɗai ya zamana buta ma sai ya huta kafin ya kai ta bakin ƙofa. Ya miƙa wa Yaya makullin motar da sharaɗi biyu, kada ya taɓa ma'ajin ruwan, kada kuma ya wuce mai ƙishirwa. Yaya ya koma hanyar Cibarakatan, yana kai wa masu haƙar zinariya kaya. In motar tana gida, kowace safiya Baba zai fito da sandarsa ya kewaye ta, ya ƙwanƙwasa salkar ƙarfen ta saman buhu. Daga ƙarar yake sanin inda ruwan ya tsaya.

Gidan aurena yana bayan layinmu, amma a lokacin kusan kullum ina gidan Baba. Wani mako aka kwantar da shi a asibiti, Yaya yana wurinsa, ni ina gida ina dafa musu abinci. Sai ga mutum biyu daga wata ƙungiya ta 'yan gari. Sun riga sun zo makarantarmu sun yi bayani cewa wasu ƙarafan kasuwa suna ɗauke da gubar ma'adinai, wadda ba a gani, ba a jin warinta. Yanzu gida-gida suke bi da wata 'yar na'ura mai kama da rediyo. In an kusantar da ita ga ƙarfe sai ta yi ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas. Suka bi tukwanena ɗaya-ɗaya, da murhu, da ƙofar ɗaki, ba ta ce wani abin kirki ba. Har na yi musu ba'a, na ce su duba miyar ma ko gishiri ya ji.

Sun yi sallama za su fita, babban cikinsu ya ratsa ta gefen motar. Wani dattijon Buzu ne da ya yi aikin ma'adinai har ya yi ritaya. Na'urar ta fara ƙara a hannunsa. Ya tsaya, ya hau bayan motar, ya ɗaga gefen buhun ya kara ta a jikin bututun. Sai ta kama kamar ana toya gugguru, babu tsayawa.

"Malama, wannan ƙarfe, mi ake sa ciki?"

"Ruwa."

"Na wanka?"

"Na sha."

Ya janye na'urar daga jikin bututun. Sannan ya tambayi tun yaushe, na ce tun kafin a yi mini aure. Ya yi mini bayani a hankali cewa irin bututun nan, ruwan da ake wanke dutsen ma'adinai da shi ne ke bi ta ciki, kuma abin da ya kama jikin ƙarfen ko shekara za a yi ana kankara ba ya fita duka. Ya ce a cire shi, kada a ƙara kwana da shi. Na tambaye shi ko ƙarfen ne ya sa wa babana ciwo.

"Ban sani ba, malama. Ni ba likita ba. Ƙarfe kawai na iya aunawa."

Bayan sun tafi na zauna a ƙasa, kusa da tayar motar, har miyata ta ƙone.

Da na gaya wa Yaya a harabar asibiti, abin da ya fara cewa shi ne kada Baba ya ji. "In kin gaya masa kin kashe shi," in ji shi, ni ma haka na gani. Muka shirya. Washegari mai walda ya zo ya kwance bututun, mutanen ƙungiyar suka zo suka ɗauke shi. Yaya ya samo ganga ta roba mai kusan kauri ɗaya, ya kwantar da ita a wurin, ya haɗa mata sabon famfo irin na da, ya ɗinka mata riga da tsofaffin buhuna masu launi ɗaya. Ya yi aiki mai kyau, ni kaina sai da na duba sau biyu. Mun tuna da komai ban da sanda.

Aka sallamo Baba, ya yi kwana biyu bai fita ɗaki ba. Rana ta uku da safe ina damun kunu na ga ya fito yana dogarawa. Ya kewaye motar, ya ɗaga sandar ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito a dakushe. Ya sake bugawa. Sannan ya sa bakin sandar ya ture buhun, shuɗin roba ya bayyana.

Bai ɗaga murya ba, da ma ba shi da numfashin yin haka. Ya sa na kira Yaya, Yaya ya zo ya durƙusa.

"Ina ƙarhena?"

"Baba, yoyo ya fara, shi ne na…"

"Ƙarya kaka yi. Ƙarhen nan ba shi yoyo. Abu biyu na roƙe ka. Ko mutuwata ba ka iya jira?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Baba ya ce tunda haka ne, in ya mutu kada Yaya ya taɓa makararsa. Ya juya ya shiga ɗaki.

Kwana huɗu aka yi a haka. Yaya ya gaishe shi, ya kau da kai. Ya kawo masa nama, ya ce a fitar. Yaya mutum ne mai 'ya'ya uku, amma na same shi a zaure yana share hawaye da hularsa. Duk da haka ya hana ni magana, ya ce shi zai iya ɗauka. Ni ce na kasa. Ina kallon Baba yana ƙarewa kullum, ga Yaya zai kama hanyar Cibarakatan, hanyar da mutum kan tafi ba a sake jin labarinsa. Tsorona kada ɗayansu ya mutu suna haka. Ni kuma da ma ba a san ni da riƙe magana ba.

Bayan la'asar na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado, na gaya masa komai, tun daga na'urar har gangar roba. Ban rage ba.

Na ɗauka kansa zai tambaya, ko ƙarfen ne sanadin ciwonsa. Har ya bar duniya bai taɓa yin wannan tambayar ba.

"Su hwa?" ya ce. "Waɗanda sunka sha?"

Na ce ban sani ba, wataƙila sha ɗaya ba ya yin komai.

"Wataƙila," ya maimaita. "Akwai mata masu goyo, Uwata. Na cika musu bido sunka tahi da shi." Ya yi tari mai tsawo, na riƙe masa kwano. Da ya lafa ya ce, "Na wanke shi hwa. Kwana ukku ina wankinai."

"Na sani, Baba. Ina nan."

Ya sa aka kira Yaya, ya ɗora hannu a kansa ya sa masa albarka, ya nemi gafararsa. Wannan ɓangaren ya gyaru, na gode wa Allah. Amma da na dubi fuskar Baba na san abin da na yi. Abu ɗaya ne mutumin nan ya riƙe ya tafi da shi lahira, ni kuma na karɓe shi daga hannunsa.

Daga ranar bai ƙara kallon inda motar take ba. Limamin unguwa ya zo ya yi masa nasiha cewa Allah niyya yake dubawa. Baba ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Malam, Allah na iya yahe nashi. Haƙƙin mutane hwa?" Ya sa Yaya ya fasa tafiya ya kai shi tasha, inda tsofaffin direbobi ke zama. Ya bi su ɗaya-ɗaya, yana roƙon duk wanda ya taɓa shan ruwan motarsa ya yafe masa. Suka yi ta dariya suna cewa sun sha sun ƙara, ga su nan garau, ko da yake biyu daga cikinsu garau ɗin a baki ne kawai. Kowa ya yafe. Baba ya dawo gida bai gamsu ba, ya ce waɗannan abokai ne, ko da gangan ya yi za su yafe. Mutanen hanya yake nema.

Na yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce mutanen nan sun watsu a ƙasashen duniya, a ina za a same su? Ya ce ai akwai gidan nan a bakin gari inda ake sauke waɗanda aka kwaso daga iyaka kafin a mayar da su ƙasashensu. Ya ce in raka shi, tunda ni ce mai Faransanci.

Da hantsi Yaya ya sauke mu a ƙofar gidan, ya koma cikin mota ya zauna, ya ce ba zai iya kallo ba. Mai gadi ya ba mu benci. Duk wanda ya fito sai in tare shi in tambaye shi ko ya taɓa bin hanyar nan shekarun baya, ko ya taɓa shan ruwa daga wata farar mota mai famfo a gefe. Yawancinsu samari ne, lokacin da Baba ke bin hanyar wasunsu ba su bar gaban iyayensu ba. Wani ya girgiza kai, wani ya wuce bai ko tsaya ba, wata mata ta dube mu kamar mahaukata, ban kuma ga laifinta ba. Duk wanda ya wuce sai Baba ya ce, "Mi ya ce?" Ni kuma in ce ba shi ne ba. Ina jin kafaɗarsa tana ƙara nauyi a jikin tawa.

Gab da azahar wani mutum ya fito, mai furfura a gemu, takalminsa ɗaure da igiya. Na yi masa tambayar. Ya tsaya ya dube ni da kyau. Ya ce wannan ne karo na biyu da aka koro shi, na farkon shekaru ne da yawa. Ya ce a wancan karon su takwas ne suka ɓace hanya, motoci uku suka wuce su, babu wadda ta tsaya. Bai ga wata farar mota ba, babu kuma wanda ya ba shi ko ɗigo. Ya faɗi haka da ɗaci, yana nuna arewa da hannu, ya daɗe yana magana.

Baba ya ga maganar ta yi tsawo, ya kama gefen zanena ya riƙe.

"Mi ya ce, Uwata? Shi na?"

Na dubi idonsa. Na ce, "Shi ne, Baba. Ya ce ya sha. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira."

Baba ya saki sandarsa ta faɗi. Ya miƙa hannu biyu ya kama hannun mutumin, ya kifa goshinsa a kai yana kuka. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Mutumin ya dube ni yana neman bayani, na kau da kai. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, bai janye hannunsa ba. Ya tsaya a rana har Baba ya gama.

A cikin mota Baba ya jingina kansa da gilashi, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Guda ke nan. Gobe ki maido ni mu biɗi saura."

Washegari ko zaune bai iya tashi ba. Kwana biyar ya ƙara ya rasu, Yaya ne ya yi masa wanka, shi ne a gaban makara. Har yau ban gaya wa Yaya abin da mutumin nan ya faɗa ba, kuma har yau abin yana cina. Ina kewar babana, ina kuma jin kunyarsa.

A kwana biyar ɗin nan, duk sa'ad da ya buɗe ido ya gan ni sai ya tambaya ko mutumin ya isa garinsu lafiya. Ni ko sunan ƙasarsa ban tambaya ba. Nakan gyara masa matashi in ce ya isa.